Maganin Olsa da Kumburin Fankiriyas: Tarihin Wani Zargi

Ya kai mai karatu, da wuya ka shiga gida a garuruwanmu ka rasa kwalin maganin olsa a kan taga, ko a cikin kwallar uwargida, ko a aljihun maigida. Da zarar ƙahon zuciya ya fara zafi, ko ƙwannafi ya hana mutum barci, sai a aiki yaro kemis ya sayo omeprazole, a kora da ruwa, a ci gaba da harkoki. Idan ka taɓa warware 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a cikin kwalin, mai yiwuwa ka ci karo da kumburin fankiriyas a jerin illolin da aka ce akan samu jefi-jefi. Cuta ce da kan kwantar da mutum a asibiti, wani lokaci ma ta zama ajalinsa. Saboda haka tambayar da za ta ɗarsu a ranka ta cancanci amsa: shin maganin da kake sha don neman sauƙi yana iya janyo maka abin da ya fi olsar muni?

Fiye da shekara 40 ke nan likitoci suna bin diddigin wannan zargi. Amsar da suka samu ba za ta zauna maka daidai ba sai ka san yadda aka faro, domin tarihin maganin olsa da tarihin wannan cuta sun daɗe da sarƙewa da juna.

Yadda aka gane asid ne ke cin ciki

A shekarar 1823 wani likita a Landan, William Prout, ya tabbatar da cewa ruwan da tumbi ke tsattsafowa yana ɗauke da asid mai ƙarfi. Shekara guda kafin haka, a wani tsibiri da ke arewacin Amurka, bindiga ta tashi da wani matashi mai suna Alexis St. Martin, ta huda masa ciki. Ya rayu, amma ramin bai rufe ba. Likitan soja da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya shafe shekaru yana zura abinci ta wannan rami a ɗaure da zare, yana fito da shi yana duba yadda ruwan ciki ya narkar da shi. A 1833 ya wallafa abin da ya gani. Daga nan aka daina taƙaddama kan cewa tumbi yana narkar da abinci ne da sinadari.

Wannan sani ya haifar da wata tambaya. Idan ruwan ciki yana narkar da nama, me zai hana shi cin fatar tumbin kansa? A 1910 likita Karl Schwarz ya kafa ƙa'idar da aka yi shekaru ana koyar da ɗaliban likitanci, wato gyambo ba ya fitowa a ciki sai inda akwai asid. Tun daga lokacin duk wata dabarar maganin olsa ta koma neman hanyar kashe kaifin asid ko rage yawansa.

Dabarar da ta fi shahara ita ce ta Bertram Sippy na birnin Shikago, wadda ya bayyana a 1915. Akan kwantar da mai olsa makonni, a riƙa ba shi madara da kirim kowace awa ɗaya, a bi shi da garin soda da makamantansa, kwatankwacin yadda mutanenmu kan jiƙa kanwa su sha idan ciki ya ɗaure. Mutane da yawa sun samu sauƙi, amma ba a daɗe ba aka ga wasu suna amai, suna ruɗewa, ƙodarsu tana gazawa. A 1923 likitocin asibitin Mayo suka bayyana wannan illa, daga baya aka gane cewa sinadarin kalsiyam ne ke taruwa a jini fiye da kima. Ka riƙe wannan batu, domin za mu dawo gare shi.

Wanda madara ta kasa, sai wuƙa. Likitocin tiyata sukan yanke wani sashe na tumbi, kuma daga 1943 Lester Dragstedt ya yaɗa aikin datse jijiyar da ke umartar tumbi ya fitar da asid. Mutane da dama sun tsira da ransu ta wannan hanya, amma wasunsu sun ƙarasa rayuwarsu da gudawa, da jiri bayan cin abinci, da rama.

Gaɓar da ke ɓoye a bayan tumbi

Fankiriyas wata gaɓa ce mai taushi, tsawonta kimanin santimita 15, tana kwance a gicciye a bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Wasu kan kira ta saifa, alhali saifa dabam take, tana can gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ayyukan fankiriyas biyu ne. Tana samar da insulin mai daidaita sukari a jini, kuma tana zuba ruwa fiye da lita ɗaya kowace rana cikin farkon ƙaramin hanji. Ruwan nan yana ɗauke da sinadaran narkar da mai da nama da sitaci, yana kuma ɗauke da soda ta halitta wadda ke kashe kaifin asid ɗin da ya gangaro daga tumbi.

An daɗe ba a san amfaninta ba. A 1642 Johann Wirsung ya gano magudanarta a birnin Faduwa na Italiya, amma sai a tsakiyar ƙarni na 19 Claude Bernard na Faransa ya nuna rawar da ruwanta ke takawa wajen narkar da mai. A 1889 Reginald Fitz na Boston ya yi cikakken bayanin kumburinta na farat ɗaya, ya nuna cewa cuta ce mai zaman kanta. A 1896 Hans Chiari ya faɗi abin da ke faruwa: sinadaran da ya kamata su jira sai sun isa hanji kafin su fara aiki, su ne ke farkawa tun suna cikin gaɓar, su hau narkar da ita. A 1901 kuma Eugene Opie na asibitin Johns Hopkins ya duba gawar wanda cutar ta kashe, ya tarar da 'yar tsakuwar matsarmama ta toshe mahaɗar magudanar matsarmama da ta fankiriyas. Har gobe tsakuwar matsarmama da shan barasa su ne manyan dalilai biyu na wannan cuta a duniya.

Abin da ya ɗaure tarihin gaɓoɓin biyu wuri guda ya faru ne a 1902 a Landan. William Bayliss da Ernest Starling sun gano cewa idan asid ya taɓa fatar farkon hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari cikin jini, wanda suka kira sikiritin. Sinadarin nan ne ke isa ga fankiriyas ya sa ta kwararo ruwanta. Ma'anar wannan ita ce asid ɗin tumbi yana cikin abubuwan da ke tashin fankiriyas aiki. Don haka duk maganin da ya taɓa asid, dole masana su tambayi me zai yi wa maƙwabciyar tumbi, alheri ko sharri.

Ƙwayar da ta rage aikin wuƙa

A 1964 wani masani ɗan Sikotlan, James Black, ya fara aiki da kamfanin Smith Kline & French a Ingila. An san cewa sinadarin histamin yana sa tumbi fitar da asid, amma magungunan ƙaiƙayi da mura da ke toshe histamin ba sa hana wannan aiki. Black ya yi hasashen cewa tumbi yana da wata ƙofa ta biyu da histamin ke shiga, ya duƙufa neman abin da zai toshe ta. Shi da abokan aikinsa sun gwada ɗaruruwan sinadarai. A 1972 suka sanar da na farko da ya yi aiki, amma ba shi da ƙarfin da za a sha a matsayin ƙwaya. Na biyun ya warkar da gyambo, sai dai ya rage wa wasu majinyata fararen ƙwayoyin jini, aka ajiye shi. Na ukun shi ne cimetidine, wanda ya shiga kasuwar Birtaniya a 1976 da sunan Tagamet, ya isa Amurka a 1977.

Wanda bai ga zamanin madara da wuƙa ba ba zai san girman wannan sauyi ba. Gyambon da a da sai an kwantar da mai shi, ya koma warkewa cikin makonni da ƙwaya a gida. Aikin tiyatar olsa ya ragu ƙwarai. An ba Black kyautar Nobel a 1988. Kamfanin Glaxo ya fito da ranitidine a 1981 da sunan Zantac, daga baya famotidine ya biyo. A Swidin kuma masanan kamfanin Astra suka bi wata hanya, suka toshe famfon da ke fitar da asid ɗin kansa. Sun haɗa omeprazole a 1979, ya shiga kasuwa a 1988 da sunan Losec. Danginsa su ne lansoprazole, pantoprazole, rabeprazole da esomeprazole, waɗanda kake gani a kemis yau.

Ana cikin haka, wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano a 1982 cewa wata ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, tana zaune a tumbin mafi yawan masu olsa. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da aka rena ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin ciki. An ba su Nobel a 2005. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin binciken da aka yi a Maiduguri a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa mafi yawan mutanen yankin suna ɗauke da wannan ƙwaya. Darasin shi ne rage asid yana rufe gyambo, amma matuƙar ƙwayar tana nan, gyambon kan dawo.

Farkon zargi

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Da cimetidine ya fito, likitoci sun fara ɗaukarsa ne a matsayin maganin kumburin fankiriyas. Hujjarsu ita ce binciken Bayliss da Starling: idan an rage asid, sikiritin zai ragu, gaɓar da ta kumbura za ta huta. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 aka gwada shi a kan majinyata a asibitoci da dama, ana kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba. Ba a ga amfani ba. Hasashen ya yi ma'ana a takarda, amma jikin ɗan Adam bai bi shi ba.

A daidai wannan lokaci labari na akasin haka ya fara ɓullowa. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton wani majinyaci da fankiriyas ɗinsa ta kumbura yana cikin shan cimetidine. Wasu rahotanni suka biyo baya, ɗaya-ɗaya, daga ƙasashe dabam-dabam. Daga baya aka samu irinsu game da ranitidine, sannan omeprazole.

Kunnuwa a buɗe suke a lokacin, saboda abin da ya faru shekaru kaɗan kafin nan. Maganin thalidomide, wanda aka riƙa ba mata masu ciki, ya sa an haifi dubban jarirai da naƙasa kafin a janye shi a 1961. Sakamakon haka Birtaniya ta kafa tsarin katin rawaya a 1964, inda likita zai aika rahoton duk illar da yake zargin magani ya haddasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa nata shirin a 1968, cibiyarsa kuma tana birnin Uppsala na Swidin tun 1978. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke karɓar irin waɗannan rahotanni. Daga wannan tsari ne illoli da yawa ke shiga takardar cikin kwali. Kasancewar suna a wannan jeri yana nufin an taɓa ganin cutar ga wani mai shan maganin, kuma an ga ya dace a sanar da kai. Hakan bai kai hujjar cewa maganin ne ya haddasa ta ba.

To yaya ake tabbatarwa? A 1980 wasu likitoci biyu a Amurka, Mallory da Kern, suka tsara sharuɗɗa. Dole cutar ta zo lokacin da ake shan maganin. Dole a kawar da sauran dalilai, musamman tsakuwa da barasa. Dole ta lafa idan an daina. Sharaɗi mafi ƙarfi kuma shi ne ta dawo idan an sake shan maganin. Wannan na ƙarshe ba a cika samunsa ba, domin babu likitan da zai sake ba mutum abin da yake zargin ya kusa kashe shi, sai dai idan hakan ta faru bisa kuskure ko lalura.

Akwai magungunan da suka cika waɗannan sharuɗɗa sau da yawa, har babu mai musu a kansu: azathioprine da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, valproate na farfaɗiya, didanosine da aka taɓa amfani da shi ga masu cutar ƙanjamau, da asparaginase na sankarar jini. A 2007 wasu masana a New York suka jera magunguna bisa ƙarfin rahotannin da aka buga a kansu. Omeprazole ya shiga sahun waɗanda aka samu aƙalla mutum ɗaya da cutar ta dawo masa bayan ya sake sha. Mutum ɗaya ko 'yan kaɗan daga cikin miliyoyin masu sha sun isa su nuna cewa abin yana iya faruwa, amma ba sa faɗin yawansa. Kuma idan aka haɗa dukkan magungunan duniya wuri ɗaya, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ba su wuce kashi 2 cikin 100 na masu wannan cuta ba.

Da aka ƙirga jama'a masu yawa

Sanin yawan abu sai da ƙidaya. A shekarar 2000 aka wallafa wani bincike da ya yi amfani da bayanan likitocin unguwa na Birtaniya. An bi mutum fiye da 180,000 da aka rubuta wa magungunan rage asid tsakanin 1992 da 1997. A cikinsu an tabbatar da kumburin fankiriyas ga mutum 88, kuma 36 ne kawai ba a gano wani dalili na daban a tare da su ba. Da aka kwatanta lokutan da suke shan magani da lokutan da ba sa sha, ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba. Masu binciken sun ce sakamakonsu bai goyi bayan zargin ba, amma sun yi gaskiya suka ƙara da cewa ƙarancin waɗanda suka kamu bai ba su damar wanke magungunan sarai ba.

A 2006 aka wallafa wani daga Swidin. An tambayi majinyata fiye da 400 da aka kwantar da wannan cuta irin magungunan da suka sha, aka kwatanta su da mutanen gari masu lafiya. Aka tarar cewa haɗarin masu shan maganin rage asid ya kai kusan ninki biyu. Wanda ya tsaya a nan zai ce an kama ɓarawo. Amma binciken ya nuna wani abu kuma: masu fama da ƙwannafi da kumburin ciki su ma haɗarinsu ya ƙaru da kusan wannan adadi. Sai tambaya ta sake tashi, shin ƙwayar ce, ko ciwon da ya sa aka nemi ƙwayar?

An bar jaki ana dukan taiki

A 1980 wasu masana biyu na jami'ar Yale, Ralph Horwitz da Alvan Feinstein, suka bayyana wani kuskure da ke yaudarar masu bincike. Cuta takan fara da alamu marasa ƙarfi tun kafin a gane ta. Mutum ya sha magani saboda waɗannan alamu, bayan kwanaki cutar ta bayyana sosai, sai a ɗora wa maganin laifi, alhali cutar ce ta riga shi zuwa. Da wuya a samu inda wannan kuskure ya fi sauƙin aukuwa kamar batun da muke kai.

Ka duba yadda abin ke tafiya. Mace mai tsakuwa a matsarmama takan ji ciwo a saman ciki bayan ta ci abinci mai maiƙo. Kowa ya ce mata olsa ce, ta fara shan omeprazole. Bayan mako biyu tsakuwar ta gangaro ta toshe magudana, fankiriyas ta kumbura. A takardar asibiti za a rubuta cewa tana shan omeprazole, amma da ta sha da ba ta sha ba, tsakuwar nan za ta yi aikinta. Haka mai shan barasa: barasar ce ke ƙona masa ciki har ya nemi magani, ita ce kuma ke kumbura masa fankiriyas. Akwai ma lokacin da gyambon kansa, idan yana bangon baya na farkon hanji, yakan yi zurfi har ya ci ya isa fankiriyas ɗin da ke jingine da shi. A duk waɗannan misalai magani yana wurin, amma ɗan kallo ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Sai kuma tsohuwar illar zamanin Sippy. Yawan kalsiyam a jini yana cikin sanannun dalilan kumburin fankiriyas, kuma an samu rahotannin mutanen da suka kamu saboda sun riƙa tauna ƙwayoyin ƙwannafi masu kalsiyam da yawan gaske, kullum, ba tare da ƙa'ida ba. A nan hanyar da illar ke bi a bayyane take, kuma abin da ya haddasa ta shi ne wuce iyaka.

Ga inda masana suka tsaya ke nan. Mai yiwuwa ne wani mutum, jefi-jefi, jikinsa ya ƙi ɗaya daga cikin magungunan nan har fankiriyas ɗinsa ta kumbura, kuma rahotannin da cutar ta dawo bayan an sake sha suna nuna hakan. Amma ga mafi yawan masu sha, haɗarin ƙanƙani ne ƙwarai, kuma babban kaso na abin da ƙidaya ta nuna yana iya zama aikin cutar da ke ƙasa. Ko janye ranitidine da hukumar magunguna ta Amurka ta yi a watan Afrilun 2020 ba shi da alaƙa da fankiriyas. Wani gurɓataccen sinadari da ake zargin yana haddasa sankara aka tarar yana ƙaruwa a cikin ƙwayar idan ta daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi.

Abin da ya rage gare ka

Haɗarin da ya fi kusa da gidanka shi ne wanda tarihin nan ya yi ta nunawa: a kira kowane ciwon saman ciki olsa, a yi ta shan ƙwaya, alhali wata cuta ce dabam ke ci. Ciwon fankiriyas yakan zo ne da ƙarfi, cikin ɗan lokaci, a saman ciki, ya tsaya cak ba ya lafawa. Sau da yawa yakan ratsa har gadon baya. Kwanciya rigingine tana ƙara shi, zama a sunkuye yana ɗan rage shi, kuma amai kan biyo baya ba tare da an samu sauƙi ba. Wanda ya ji haka, ko ya ga idonsa ya yi rawaya, ko zazzaɓi da haki suka haɗu da ciwon, asibiti ya kamata a kai shi a wannan sa'a. Haka nan wanda ya yi aman jini ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, domin wannan alamar gyambo ne mai zubar da jini. Ciwon zuciya ma kan zo da kamannin ƙwannafi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari.

A asibiti abu uku ake dubawa, biyu daga cikinsu sun isa a tabbatar da cutar: irin ciwon, da gwajin jini da ke nuna sinadarin lifes ko amiles ya ninka iyakarsa sau 3, da hoton ciki. Kimanin mutum 8 cikin 10 sukan warke cikin mako guda da ƙarin ruwa, da maganin raɗaɗi, da komawa cin abinci sannu a hankali. Sauran su ne cutar kan tsananta gare su har ta taɓa huhu da ƙoda, kuma su ne jinkiri ya fi cutarwa. Bayan an samu sauƙi, ka tambayi likita dalilin da ya kawo ta. Ban da tsakuwa da barasa, akwai yawan kitse a jini, da yawan kalsiyam, da buguwa a ciki, da hangum, har da macijin ciki da kan shige magudana ya toshe ta. Idan tsakuwa ce, cire matsarmama shi ke hana maimaituwa.

Ranar da za ka asibiti, ka tattara duk abin da mai ciwon ke sha ka tafi da shi, na likita da na kemis da na gargajiya, ka kuma faɗi ranar da ya fara kowanne. Idan ciwon ya zo cikin kwanaki ko makonni kaɗan bayan fara sabon magani, kuma an duba ba a ga wani dalili ba, likita zai iya dakatar da shi, ya canza wani, ya aika rahoto. Ka rubuta sunan wannan magani ka adana, kada mai ciwon ya sake shansa don gwaji.

Idan kuwa likita ne ya ɗora ka a kan maganin rage asid saboda gyambonka ya taɓa zubar da jini, ko saboda kana shan asfirin don zuciya, kada ka yanke shi saboda abin da ka karanta a takardar kwali. Zubar jini daga gyambo ta fi kumburin fankiriyas kusa da kai nesa ba kusa ba. Wanda ya daɗe yana sha ma, idan ya tsayar farat ɗaya, asid kan dawo da ƙarfi na 'yan makonni, shi ya sa ake ragewa a hankali bisa shawarar likita.

In kuma kai ne ka ɗora wa kanka, kana saye a kemis wata da watanni, ko duk shekara idan azumi ya kama, to lokaci ya yi da za ka nemi a binciki asalin ciwon. Ka nemi gwajin Helicobacter pylori ta bayan gida ko ta numfashi, ka kuma sanar da mai gwajin cewa kana shan omeprazole, domin yakan ɓoye ƙwayar idan ba a dakatar da shi mako 2 kafin gwaji ba. Idan an same ta, maganin kwana 10 zuwa 14 ne, kuma a shanye shi duka. Ka rage magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda ke cikin manyan masu buɗe gyambo. Idan ciwon yana tashi ne bayan cin maiƙo, ka roƙi a yi maka hoton matsarmama. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.